Yadda Ake Ɗaura Ƙwaron Ƙugiya: Inda Gashin Tsuntsu Ya Fi da Inda Roba Ta Fi

Masuncinmu na gida idan zai yi fatsa, tana yake tonowa, ko ya kamo fara, ko ya mulmula ɗan tuwo ya soka a ƙugiya. A kogunan Ingila da Sikotilan da Amurka kuwa akwai wata fatsar da ba a sa wa ƙugiya abin ci ko kaɗan. Zare ake samu da gashin tsuntsu da na dabba, a ɗaɗɗaure su a jikin ƙugiya har ta koma kamar ƙwaro ko ɗan kifi, a wurga ta kan ruwa da doguwar sanda mai lanƙwasa, kifi ya ɗauka rabonsa ne ya faɗo. Dabarar ta daɗe. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masidoniya suna naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura masa gashin zakara biyu. Wani littafi da aka buga a Ingila a 1496 kuma ya jera irin waɗannan ƙwari har goma sha biyu.

Ni a arewacin Ingila na koya, lokacin ina karatu, wurin wani dattijo a ƙungiyar masu fatsa ta garin. Ranar da ya fara buɗe mini akwatinsa na ga gashin zabo a 'yar leda, har da farashi manne a jiki. Dariya ta kama ni, don abin da muke figewa mu share mu kai bola ke nan. A gefensa ga gashin dawisu da na jimina, ga kuma wasu zaruruwan roba masu ƙyalli kamar kayan adon amarya. A kan waɗannan zaruruwa ake musu a ƙungiyar kullum. Wasu sun ce duk ƙwaron da aka sa wa roba ba ƙwaro ba ne, wasu sun ce kifi ba ya karanta tarihi. Abin da na fahimta bayan na ɓata ƙugiyoyi masu yawa shi ne, ba ƙwaron gaba ɗaya ake zaɓar wa kaya ba, kowane sashe nasa ake tambaya: me ake so ya yi a cikin ruwa?

Halin kowane kaya idan ya jiƙa

Gashin halitta yana da abu biyu da har yau masana'anta ba ta kwaikwaya sosai ba. Na farko, kowane sili yana da kauri a gindi ya siranta zuwa tsini, shi ya sa ƙwaron yake fita da siffa ba tare da an yi masa aski ba. Na biyu, yana motsi ko da ruwa a tsaye yake. Ka ɗauki lallausan gashin da suke kira marabu. Asalinsa daga babba-da-jaka ake samunsa, yanzu na talotalo ne ake rinawa. Idan ka tsoma shi a ruwa sai ka ga yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. Aibinsa kuma, yana tsinkewa a bakin kifi, fatar zomo idan ta sha ruwa tana nauyi har wurgawa ta zama aiki, kuma asu yana cin sa a ajiye.

Kayan roba akasin haka suke. Ba sa shan ruwa, da ka fizgo su sama sun kakkaɓe. Suna da tsawon da babu dabbar da ke da shi, suna da launi da ƙyalli iri-iri, kuma ƙunshin da ka saya bana daidai yake da na baɗi. Amma silinsu kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, don haka idan ba ka iya datsa ba sai ƙwaron ya fito kamar burushin fenti. Idan kuma ya maƙale a itace ya tsinke, a kogin zai zauna shekaru bai ruɓe ba.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar maɗamkin ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur ya riƙe ƙugiya, hannayenka biyu su samu sakewa. Idan babu, filaya mai kullewa da aka matse a tebur tana yi. Sai ƙaramin almakashi mai tsini, da mariƙin kwarkwaro wanda zare ke bi ta cikin ɗan bututunsa, da allura, da sufa gulu, da man farce marar launi. Zaren ya zama na nailan ko foliyesta siriri mai ƙarfi. Na auduga yana ruɓewa.

Ka san sassan ƙugiya, don da su zan yi kwatance: ido inda ake ɗaura igiya, sanda wato miƙaƙƙen jikinta, lanƙwasa, sai tsini. Lambobinta a juye suke, lamba 16 ƙarama ce ƙwarai, lamba 2 babba. Daga lamba 1 sai a koma 1/0 da 2/0, nan kuma girma yake ƙaruwa.

Ɗan kifin Clouser, daga farko har ƙarshe

Na zaɓi wannan ne don shi kansa gauraye ne, kuma ana iya ɗaura shi ta hanya biyu a gwada. Bob Clouser ya ƙirƙiro shi a 1987 don kifayen kogin Susquehanna a jihar Fensilbaniya, yanzu kuma da wuya ka samu ruwan da ba a jefa shi ba, har da teku.

Matse ƙugiya lamba 2 ko 1/0 a lanƙwasarta, sandar tana kwance sambal. Ɗora zare a bayan ido, ka naɗa shi a kan kansa sau biyar ko shida har ya kama, ka yanke ragowar. Ci gaba da naɗi zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsawon sandar. A nan ka tara ɗan tudun zare biyu kusa da juna, da ɗan kwari a tsakaninsu.

Cikin kwarin nan idanu za su zauna. Wani ɗan ƙarfe ne mai ƙwallo biyu a gefe da siririn wuya a tsakiya. Don ruwa marar zurfi, ƙwallo biyu da aka yanko daga sarƙar da ake jan labule da ita sun wadatar. Ɗora shi a gicciye a saman sandar, ka naɗa zare ta kusurwa ɗaya sau shida, ta ɗaya kusurwar sau shida, sannan ka zagaya ƙarƙashin ƙwallayen amma saman sandar sau huɗu kana ja, wannan shi ke tsuke naɗin farko. Ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya. Kada ka yi gaggawa a nan. Idanun da suka juya sun ɓata komai, domin nauyinsu ne ke kifar da ƙugiyar a ruwa ta riƙa tafiya tsininta na kallon sama, ta wuce duwatsu ba ta maƙale ba. Kuskuren sabon shiga shi ne matso da su dab da idon ƙugiya, sai ya rasa wurin ɗaura sauran kaya.

Yanzu cikin kifin. A asali farin gashin wutsiyar barewar Amurka ake sawa. Ka yanko daga tsakiyar wutsiyar zuwa sama, domin na gindi yana da rami a cikin sili, da zare ya matse shi sai ya baje kamar tsintsiya. Kaurin abin da za ka yanko kada ya wuce na tsinken ashana biyu. Dattijon nan kullum maganarsa ɗaya: ka ɗebi abin da kake gani ya isa, sannan ka zubar da rabi. Riƙe gashin ta wajen tsini, ka tsefe gajerun da ke gindi da yatsa. Auna shi ya kai tsawon ƙugiyar sau biyu zuwa biyu da rabi. Datse gindin a karkace, ka ɗora shi gaban idanun. Naɗi biyu na farko a sassauce, na uku ka ja. Ka kai zaren bayan idanun, ka kwantar da gashin ta tsakaninsu, ka ɗaure, ka bi shi da naɗi mai tazara zuwa kusa da lanƙwasa ka dawo.

Cire ƙugiyar ka juya ta, tsini a sama. Kai zare gaban idanu. Ɗauki silin ƙyalli huɗu ko biyar, irin su Krystal Flash ko Flashabou, ka ninka su a jikin zare ka ja su zuwa sandar, ka ɗaure, rabi ta wannan gefen tsini rabi ta wancan. Bari su ɗan zarce gashin, kuma kada ka yanke su kai ɗaya. A wannan sashen babu musu, roba ta ci. Magabata da zaren ƙarfe suke samun ƙyalli, wanda ke dusashewa, kuma babu gashin dabbar da ke walƙiya kamar ɓawon ɗan kifi.

Sai bayan kifin: wani gashin wutsiyar da aka rina, tsanwa ko shuɗi ko ruwan toka, daidai yawan na farko. Shi a gaban idanu kaɗai ake ɗaure shi, ba a bin sa baya, don ya ɗan tashi ya rufe tsinin ƙugiya. Tara zare ya zama ɗan kai mai tsini. Ƙullin gamawa kuwa, ka naɗa zaren a yatsa ya zama zobe, ka murɗa shi sau ɗaya, ka zura idon ƙugiya ciki ka ja. Yi haka sau biyar, ka yanke, ka shafa man farce. Kafin ya bushe ka zura allura a idon ƙugiyar, in ba haka ba sai ka je bakin kogi ka tarar ya toshe.

Wanda ba shi da wutsiyar barewa ya duba gezar rago ko dogon gashin bunsuru lokacin layya. Masu ɗaura ƙwarin kifin salmon sun daɗe suna amfani da gashin akuya. Izgar doki ta cika tauri, ba ta rawa a ruwa.

Na biyu, da roba zalla

Maimaita komai, amma maimakon gashin barewa ka sa zaren roba mai kama da gashi. Akwai na musamman irin EP Fibers da ake sayarwa a shagunan fatsa, amma gashin kanti da mata ke ƙarin kitso da shi danginsu ɗaya, kuma ƙunshi guda zai ɗaura maka ƙwari fiye da yadda za ka iya ɓatarwa. Bambancin aikin uku ne. Kafin ka ɗaura, ka riƙe tsakiyar ƙunshin ka jajjawo wasu silin gaba kaɗan-kaɗan don bakin ya daina zama kai ɗaya. Roba tana da santsi, don haka ka ɗaure ta a tsakiya ka ninko rabin gaba zuwa baya ka sake ɗaurewa, yadda ko an ja ba za ta zare ba. Bayan ka gama ka taje ta da tsohon burushin haƙori, ka datsa da almakashi daga baya zuwa gaba, tsinin almakashin yana bin tsawon gashin ba yana gicciye shi ba.

Wa ake ɗaura wa wannan? Kifi mai haƙora. Masu irin wannan fatsa suna zuwa kogin Zambezi saboda tsage, suna zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, saboda tsage da giwan ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin bakin tsage ya san gashin barewa ba zai daɗe a ciki ba. Roba tana jure kifi da yawa, kuma idan ana son ƙwaro mai tsawon tafin hannu don giwan ruwa, ita ce ke ba da girman ba tare da nauyi ba. Sai dai ka guji mai laushi ƙwarai irin auduga, tana sarƙewa a haƙora ta hana ƙugiya shiga. Kuma ko wane iri ka ɗaura, sai ka sa guntuwar waya tsakanin ƙwaron da igiya, don tsage yana datse nailan kamar reza.

Gwajin baho

Kada ka yarda da ƙwaro a bushe. Cika baho da ruwa, ka ɗaura kowanne a guntun nailan, ka ja shi kaɗan ka tsaya, ka sake ja. Duba ko tsinin yana kallon sama. Idan yana kwanciya a gefe, ko idanun sun karkace ko gashin ciki ya yi yawa. Sannan ka lura da lokacin tsayawar, domin a nan kifi ya fi kai cafka: na gashin barewa zai sunkuyar da kai ya nutse silinsa na ɗan buɗewa, na roba yakan tsaya a sandare. Fito da su ka kaɗa sau ɗaya, ka ji wanda ya fi riƙe ruwa. Ni dai a ruwa mai tsabta inda kifi ke da lokacin dubawa, na barewa nake ɗaurawa. A ruwa mai laka ko wurin masu haƙora, na roba.

Nauyin idanu ma zaɓi ne. Dalma ita ce ta gargajiya, amma guba ce ga tsuntsayen ruwa, har Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 saboda mutuwar manyan fararen tsuntsayen kogi da ke haɗiye ta. Ƙarfen tangistan ya fi ta nauyi nesa, gutsuren tangistan mai girma ɗaya da na dalma mai giram 11.3 yana kai giram 19.3, sai dai tsada.

Inda roba ba ta da abin cewa

Marigayi Frank Sawyer ya yi aikin gadin kogin Avon a kudancin Ingila, kuma ƙwaron da ya bayyana wa duniya a 1958 abu biyu kawai ke cikinsa: siririyar wayar tagulla da sili huɗu na wutsiyar wani tsuntsun daji dangin kaza mai suna fezan. Ko zare babu. Kwaikwayon 'ya'yan ƙwari ne da ke rayuwa a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike. A ƙugiya lamba 14 ko 16, ka naɗa wayar daga ido zuwa lanƙwasa, kana tara ɗan tudu a kusa da ido ya zama ƙirji. Waya irin ta cikin tsohon kwayil ɗin rediyo ko fanka, wadda ba ta fi gashin kai kauri sosai ba. Ɗaure silin huɗu a lanƙwasa tsininsu ya leƙo kaɗan ya zama wutsiya. Murɗa sauran silin tare da wayar kamar igiya, ka naɗa gaba har ido. Raba su, ka kai wayar bayan tudun, ka kwantar da silin baya ka ɗaure, ka dawo da wayar gaba, ka sake kwanto silin ka ɗaure, ka gama da zobe uku. Kowane sili yana da 'yan ƙananan gasu a jikinsa da ke rawa kamar ƙafafun ƙwaro, ga launin ƙasa mai sirki da ba rini ya yi shi ba. An gwada maye gurbinsa da roba, amma har yau na Sawyer ake ɗaurawa. Haka sheƙin gashin dawisu, haka ɗigon zabo idan ana son ƙafafu masu zane.

Inda gashi ya sha kaye

A saman ruwa labarin ya bambanta. Ƙwaron gargajiya mai iyo yana tsayawa ne a kan tsinin gashin wuyan zakara da aka naɗa masa kamar kwalar riga. Ba kowane zakara ba, irin da aka yi shekaru ana zaɓen iri don gashinsa ya yi tsawo da tauri, kamar na gonar Whiting a Kolorado. A 2011 da 'yan mata a Amurka suka shiga yayin saƙa wannan gashi a kitso, sai da shagunan fatsa suka wayi gari babu shi. Na zakaran gidanmu ya yi laushi, ya fi dacewa da ƙwaro mai nutsewa. Kuma ko mai tsadar, da kifi biyu sun tauna shi ya jiƙe sai an shanya.

Soson roba irin na silifas kuwa ba ya nutsewa ko an kwana. Don yin fara, yanko shi faɗin rabin santimita, tsawonsa ya ɗan fi ƙugiya lamba 8. Shimfiɗa zare a sandar duka, shafa gulu kaɗan, ɗora soson, ka ɗaure shi a wuri uku da tazara don ya fito gaɓa-gaɓa. Kada ka ja da ƙarfi, siririn zare yana yanka soso. A ɗaurin gaba ka sa siririn roba biyu a kowane gefe su zama ƙafafu, a sama kuma ɗan gashin barewa ya zama fiffike, da ɗan guntun soso ruwan lemo don kai ka riƙa hango shi daga nesa. Ba shi da kyan gani, dattijon nan ko taɓa shi ba ya yi, amma a ruwa mai gudu shi ne ke sama lokacin da na gashi ya nutse.

Doka da ajiya

Wani dalilin shigowar roba doka ce. Ƙwarin salmon na zamanin Sarauniya Biktoriya gashin tsuntsaye masu wuyar samu ake zuba musu daga ƙasashe masu nisa. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikin irin waɗannan, dokar Amurka ta 1972 kuma ta kare dabbobin teku da a da ake ɗibar gashinsu. Son asalin gashin bai mutu ba duk da haka. A watan Yunin 2009 wani ɗalibin kiɗa ɗan Amurka, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihi na Tring a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299 don masu wannan sana'a. Kai dai ka tsaya ga abin da aka yanka don ci: kaza, zabo, agwagwa, talotalo, zomo, rago. Kada kuma ka ɗauki ɗanyen gashi ka tsallaka iyakar wata ƙasa da shi ba tare da ka bayyana wa jami'an kwastan ba.

Gashin da ka samo da kanka, wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Idan da fata ne, kankare kitsen tas, ka miƙe ta a katako da ƙusoshi, ka barbaɗa gishiri ko boraks har ta bushe ƙaƙas. Sannan ka sa a leda mai zif ka jefa firiza mako guda, ka fito da shi ya kwana biyu a waje, ka mayar wani makon, domin ƙwan da ya tsira a karon farko ya ƙyanƙyashe ya mutu a na biyu. Ni ban yi haka ba da wata fatar zomo da aka ba ni kyauta. Na cusa ta akwati ɗaya da wuyan zakaran da na tara kuɗi na saya, na yi tafiyar hutu. Da na dawo na ɗaga shi, gashin ya zube a hannuna kamar dusa, asu ya gama da shi, zaruruwan roba kuwa suna gefe suna ƙyalli abinsu. Tun daga ranar kowane gashi ledarsa daban, da ƙwayar kafur a kusurwar akwatin, sabon shigowa kuma ba ya haɗuwa da na da sai ya yi makonsa biyu a firiza.